Wuƙa ɗaya, curi huɗu: yadda sitenles ya ba mu wahala a maƙera

Aikin da aka kawo mana bai yi kama da mai wahala ba. Wani mai sana'ar girki ne yake son wuƙa siririya, ruwanta santimita 21, mai irin kaifin da ƙarfe mai kabon ke bayarwa, amma ya gaji da goge tsatsa a jikin wuƙaƙensa kowace safiya. Abin da yake nema sananne ne wurin maƙeran Japan, suna ce masa san mai, wato falle uku. A sa ƙarfe mai tauri a tsakiya, shi zai zama bakin wuƙar, a rufe shi dama da hagu da wani ƙarfen da zai kare shi. Mu a maƙera na tsakiyar muna ce masa zuciya, na gefen kuma riga. Mai wuƙar so yake rigar ta zama sitenles, ƙarfen nan da ba ya tsatsa.

Yarona na ba aikin, kuma ba da ka na yi ba. Ya riga ya ƙware wajen haɗa ƙarfe falle-falle a wuta. Yakan jera falle bakwai na 1084 da 15N20, wasu ƙarafa biyu masu kabon da ake kira da lambobinsu, ya haɗe su, ya miƙar, ya yanka, ya ninka, bakwai ta koma 14, ta koma 28, har 224, a wanke da ruwan asid zanen ya fito tas babu ɗigon aibi. Irin wannan ƙira ce ake kira damaskas a yau, daga sunan birnin Dimashƙa, wadda maƙeri Bill Moran ya sake fito da ita a Amurka a 1973, duk da cewa asalin ƙarfen da ya ci sunan Dimashƙa narkakke ne da ake yi a tukunya a kudancin Indiya, ba ninkakke ba. To mutumin da ya iya falle 224, me falle uku za su yi masa? Haka shi ya ɗauka, ni ma haka na ɗauka.

Kayan da ke hannu: 1084 mai kaurin milimita 3 a matsayin zuciya, da sitenles 304 mai kaurin milimita 6 guda biyu a matsayin riga, kowanne faɗin santimita 5, tsawon 15. Ni na ce a ɗauki 304, don shi ne a ajiye a ƙarƙashin tebur. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Curi na farko

Ya yi abin da ya saba. Ya gurza fuskokin har suka yi fari, ya jera su, ya ɗiga walda a kusurwoyi huɗu, ya liƙa sandar riƙewa, ya tura cikin tanderun gas. Da ƙarfen ya yi ja ya fito da shi ya barbaɗa boraks, wani farin garin sinadari, a gefuna, ya mayar. Ya jira har curin, wato fallayen da aka haɗa, ya yi rawaya mai haske, boraks na tafasa yana gudu a jikinsa, sannan ya ɗora a uwar maƙera ya bi shi da masaɓa. Wuta ta biyu ma haka. A ta uku ya tayar da curin a kan gefensa don ya daidaita shi, bugu ɗaya, sai rigar dama ta buɗe kamar bangon littafi. Bugu na biyu ta hagu ta bi sahu.

"Maigida, wutar ce ba ta kai ba," ya ce, yana shirin ƙara gas.

Na ce, "Dakata tukuna, samari. Bar shi ya huce, ka kawo in gani."

Da ya huce muka ɓare fallayen da kurfi. Fuskar 1084 baƙa ce, da ɗan gilashin boraks a jiki. Fuskar sitenles kuwa ta yi wani toka-toka mai sirkin kore, sumul, daga wannan baki zuwa wancan, babu ko tabo ɗaya mai ƙyalli da zai nuna ƙarfe ya taɓa kama ƙarfe. Walda huɗun nan na kusurwa ne kaɗai suka riƙe curin duk tsawon lokacin.

Wannan koren shi ne bakin zaren. Haɗin ƙarfe a wuta abu uku yake bukata: zafi, matsi, da fuska biyu tsirara, babu komai tsakaninsu. Na ukun ne ke da wuya, domin ƙarfe yana jin zafi iskar oksijin za ta kama shi ta yi masa ɓawo. A ƙarfe mai kabon ɓawon na baƙin ƙarfe ne, kuma mai sauƙin kai ne. Boraks yana narkewa tun a wajen digiri 740 a ma'aunin Salsiyas, ya bi tsakanin fallaye, ya narkar da ɓawon ya mai da shi ruwa-ruwa, bugun farko sai ya feso shi waje. Tartsatsin da ke tashi a bugun farko ke nan, wanda ke huda riga da wando.

Sitenles kuwa ɗabi'arsa daban. Ba a kiran ƙarfe da wannan suna sai kuromiyam ɗin cikinsa, wani ƙarfe da ake gauraya masa, ya kai wajen kashi 10.5 cikin 100, shi kuwa 304 yana da kashi 18, da nikel kashi 8. Kuromiyam ya fi baƙin ƙarfe kwaɗayin oksijin nesa ba kusa ba. Ko a sanyi, kana gama gurza shi zai yi wa kansa wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ce ke hana shi tsatsa. Abin da Harry Brearley ya lura da shi ke nan a Shefil ta Ingila a 1913. Waccan fatar ta sanyi ba ta hana haɗi, don guduma na yaga ta. Amma a cikin wuta, inda iska ke kai-komo, sai ta yi kauri ta zama ɓawo na gaske, kuma ɓawon kuromiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Ƙarfen kansa zai zama ruwa tun kafin nan. Boraks ba ya iya cinye shi yadda yake cinye na baƙin ƙarfe. Wato abin da ke sa mai wuƙar ke son sitenles, shi ne dai ya hana shi kamawa. Da yaron ya ƙara gas kamar yadda ya yi niyya, da ya ƙone zuciyar kawai, rigar kuma ta ƙara kore.

Akwai masu haɗa boraks da wasu sinadarai masu fulorin don su ci wannan ɓawon. Hayaƙinsu guba ne, ban yarda a shigo da su maƙerata ba. Hanyar da ta rage ita ce a hana iska shiga tun farko.

Curi na biyu

Nan shiri ya fi bugu yawa. Ya gurza fuskokin shida har suka kwanta daidai, in ka haɗa biyu ka ɗaga su ga haske ba ka ganin komai a tsakani. Ya wanke da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, daga nan kuma yatsa bai ƙara taɓa fuska ba, ta gefe yake ɗauka. Ya ɗiga kananzir kaɗan a tsakani, don in ya ƙone ya cinye 'yar iskar da ta maƙale. Ya matse su tam, sannan ya zagaye gefuna huɗun da walda, ɗinki ɗaya babu yankewa, sai wata 'yar ƙofa kamar hancin allura a ƙarshen da ke wajen sanda, don hayaƙi ya sami mafita. Curin da aka rufe ruf da mai a ciki yana iya kumbura, har ya fashe. Waldar sitenles kuma a iska ake yin ta, da abin rufe hanci na kirki, domin hayaƙinta na ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai cutar da huhu.

Babu boraks ko ƙwaya. Tanderun muka saita shi gas ya ɗan rinjayi iska, harshen wuta na leƙowa ta baki, ƙofofin maƙera a buɗe saboda irin wannan wutar na fitar da iskar da ke kashe mutum ba tare da ya ji warinta ba. Zafi wajen digiri 1,250. Da curin ya saje da launin cikin tanderun, har ba ka rarrabe shi da bango, muka ƙara masa minti 15, don sitenles ba ya saurin kai zafi cikinsa. Sannan bugu: marar nauyi, da sauri, daga ƙarshe ɗaya zuwa ɗayan, a juya a maimaita.

Ya kama. Ana jin haka a kunne ma, don curin da ya haɗe ƙararsa dunƙulalliya ce, wanda bai haɗe ba kuwa sai ka ji kamar ana buga fasasshiyar tasa.

Murna ce ta ja shi. Bayan wuta biyu ya gurje ɗinkin waldar, ya shiga miƙar da curin, kuma don ya rage yawan komawa wuta sai ya riƙa bugu har ƙarfen ya sauko daga rawaya zuwa ja. A ƙarshen da zai zama tsini, riga ta rabu da zuciya kamar santimita huɗu. Ya sake cewa wuta. Na nuna masa wurin: ciki fari ne, da kaushi kamar an yaga nama, baƙin yana baki-baki ne kawai inda iska ta shiga daga baya. Wannan haɗi ne da ya kama sannan aka ɓalle shi. Sitenles ko da zafi ya fi ƙarfe mai kabon taurin kai a ƙarƙashin guduma. Zuciya na son tafiya, riga na togewa, in zafi ya ragu sai bambancin ya ƙaru, sabon haɗin da bai gama ƙarfi ba ya sha wahalar. Maganinsa ba shi da tsawo: a daina bugu da zarar ƙarfen ya sauko wajen digiri 1,000, a bar ɗinkin walda har sai kaurin curin ya ragu da rabi, kuma kafin nan kada a tayar da shi a buga gefe.

Curi na uku, wanda ya fi ba mu ciwon kai

Wannan ya tafi lafiya lau. Aka miƙar da shi daga milimita 15 zuwa uku da rabi, aka fitar da siffar wuƙa, aka gurza gefuna, layi biyu suka fito siriri kamar an ja su da alƙalami. Ya zafafa ta sau uku, kowanne ƙasa da na baya, yana barin ta ta huce a iska, don ƙwayar ƙarfen da ta kumbura a zafin haɗi ta koma ƙanana. Bai fere mata baki ba, ya bar ta shimfiɗe da kaurinta ɗaya daga baya har baki. Haka yake yi wa siraran wuƙaƙe don kada su karkace wajen tsomawa a mai don su taurara, kuma ni na koya masa.

Ya kai ta digiri 815, ɗan sama da inda maganaɗisu ke daina kama ƙarfe, wato wajen 770. Ya tsoma a mai mai saurin sanyayawa. Ta fito a miƙe sak. Ya goga magagari a baki, ya zame, alamar ta taurara. Ya ajiye ta a kan tebur ya tafi kunna tandu, wato ƙaramin tanderun da za a sassauta mata tauri a ciki, wanda ya kamata a ce tun ɗazu yana da zafi.

Ina can ɗaya gefen ina wasa kurfi na ji ƙas! Ƙara ce siririya, kamar an taka gilashin fitila. Duk maƙerin da ya taɓa jin ta ba ya bukatar ya waiwaya.

Tsaga ce a gadon bayan wuƙar, daga tsini ta yi santimita tara, bakinta a buɗe har farce na shiga. Yaron ya zauna a kan kututture bai ce komai ba. Can ya ce, "Maigida, na haƙura. Wannan ƙarfen ba ya haɗuwa."

"Ka tabbata haɗin ne ya buɗe?"

"To mene ne in ba shi ba?"

Na sa ya yanka wuƙar a gicciye, daidai tsakiyar tsagar. Muka goge fuskar yankan da takardar yashi, daga mai kaushi har mai laushi, sai da ta yi ƙyalli, muka tsoma ta a ruwan ferik kulorayid, ruwan asid ɗin da ke fito da zane, na ɗan lokaci, muka ɗauraye, muka duba da madubin ƙara girma. Layin haɗi na dama lafiya ƙalau. Na hagu ma haka. Tsagar a tsakiyar zuciya take, ta raba 1084 gida biyu, kowane rabi na manne da rigarsa gam. Haɗin ya yi ƙarfin da ƙarfen ya gwammace ya yage a jikinsa da ya saki.

Ga abin da ya faru. Duk ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, amma ba daidai ba. 304 yana tsukewa kusan ninki ɗaya da rabi na abin da ƙarfe mai kabon ke yi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi muni. Lokacin da 1084 ke taurara a cikin mai, tsarin cikinsa yana juyewa daga ostanait, yadda yake a zafi, zuwa matansait, mai tauri, kuma matansait ya fi cin wuri, saboda haka zuciya kumbura take yi a daidai lokacin da take yin sanyi. Shi kuwa 304 ba ya yin wannan juyin sam, ba ya taurara da tsomawa, tsukewa kawai yake ci gaba da yi. To ka ɗauki rabin wuƙar na dama: riga ta gajarce, zuciya ta ƙara tsawo, dole ya nemi lanƙwasa zuwa dama. Rabin hagu na neman lanƙwasa zuwa hagu. Biyun suna ja, kowa na nasa gefen, kuma abin da ke tsakiya shi ne ƙarfen da bai daɗe da fitowa daga mai ba, mai tauri da gautsi kamar gilashi. Rigar ta ninka zuciyar kauri ta kowane gefe, ga ta har bakin wuƙa da gadon baya da cikakken ƙarfinta tunda ba a fere ta ba. Juyin matansait kuma ba ya ƙarewa a cikin mai, yana ci gaba har wuƙar ta huce sarai. Shi ya sa ba ta fashe a hannunsa ba, sai a kan tebur.

A nan na gaya masa gaskiya cewa kaso mafi girma na laifin nawa ne. Na zaɓi 304 don yana kusa, ban tsaya na yi tunanin abin da zai yi a cikin mai ba. Nasa kason shi ne tandun da bai kunna da wuri ba.

Yankan nan ya tona wani abin kuma da ba shi muka je nema ba. Zuciyar da ya kamata ta fito baƙa ƙirin a ruwan asid, tsakiyarta ce kawai ta yi baƙi. Gefunanta biyu sun yi fari-fari, sannan a cikin rigar, dab da layin, akwai wani hazo-hazo mai launin toka. Kabon ne ya yi ƙaura. 1084 yana da kabon wajen kashi 0.84 cikin 100, 304 kuwa bai wuce 0.08 ba, kuma kuromiyam yana jan kabon ya riƙe. A zafin haɗi kabon na tafiya a cikin ƙarfe kamar rabin milimita a rabin sa'a. Curinmu ya fi haka daɗewa a wuta in aka haɗa duka, ga zuciyar tun farko milimita uku ce, ta ƙare ƙasa da milimita ɗaya. Ko da wuƙar ba ta tsage ba, da bakinta ya riƙa dakushewa da wuri a wasu wurare. Mun gwada da magagari a guntun da ya rage, can wajen tsini inda ta fi siranta ya ɗan ci. Asarar kuma biyu ce, domin kuromiyam ɗin da ya kama kabon ya daina aikin kare ƙarfe, don haka wannan hazon shi ne inda riga za ta fara tabo.

Masu saye da yawa suna son hazon nan, suna cewa ado ne, kuma lallai yana da kyau a ido. Ni dai in na gan shi ya yi faɗi, lissafin kabon da ya bar bakin wuƙa nake yi.

A damaskas ɗin da yaron ya saba wannan matsala ba ta tasowa, shi ya sa bai taɓa karo da ita ba. 15N20 yana da kabon wajen kashi 0.75, kusan ɗaya da 1084, suna taurara tare a zafi ɗaya, suna tsukewa tare. Bambancinsu nikel ne kashi biyu, wanda asid ba ya ci sosai, shi ke ba da farin layi. An zaɓe su ne don jininsu ya haɗu.

Curi na huɗu

Muka sauya riga zuwa sitenles 410. Kuromiyam ɗinsa tsakanin kashi 11.5 ne da 13.5, babu nikel mai yawa, maganaɗisu na kama shi, kuma yadda yake buɗewa da tsukewa ya yi kusa da na ƙarfe mai kabon. Bai kai 304 juriyar tsatsa ba, amma ga wuƙar da ake wankewa a goge ya wadatar. Zuciya muka mai da ita milimita 6, daidai da kowace riga. Tsakanin zuciya da riga muka shimfiɗa fallen nikel zalla, siriri kamar takarda mai kauri. Kabon ba ya ƙulla komai da nikel, da ƙyar yake ratsa shi, ga shi yana kama ƙarfen biyu cikin sauƙi. Falle uku sun zama biyar ke nan.

Sauran shirin kamar na baya. Abin da muka ƙara shi ne ƙidayar wuta. Na riƙe awartaki da masaɓa, shi ya ɗauki babbar guduma, mu biyu a kan uwar maƙera, don a gama miƙarwa da ƙarancin komawa tanderu. Bayan wuta uku na farko muka rage zafin, tunda haɗi ya riga ya zauna.

410 ma da nasa halin. Yana taurara da iska kawai in ya sauko daga zafin ƙira. Yaron ya je huda ramukan ƙusa a wutsiyar wuƙar, bakin abin hudawa ya yi shuɗi ya mutu, na biyu ma haka. Sai da muka riƙe wuƙar a wajen digiri 700 na sa'a biyu, muka bar ta ta huce a hankali, sannan ta yarda.

Kafin tsomawa ya fere bakin, ya janye riga da nikel baya har zuciya ta fito tsirara kamar milimita biyar a kowane gefe, ya bar kaurin bakin ya ɗan haura milimita ɗaya. Gadon bayan ma ya kashe masa kusurwoyi, ya goge duk wani zanen gurza da ke gicciye, don tsaga daga irin nan take samun mafari. Tandu na kan digiri 200 tun kafin a kunna tanderu. Ya tsoma, ya ƙirga, ya fito da ita tana hayaƙi, muka matse ta tsakanin faranti biyu na ƙarfe don ta miƙe, da ta sauko inda hannu ke iya taɓa ta da ƙyar sai cikin tandu. Sa'a biyu, a huce, a sake sa'a biyu. Magagarin gwaji mai lamba 60 a ma'aunin tauri na Rokwel ya zame a bakin, mai 65 ya kama.

Daga baya yaron ya ɗauki ragowar 304 ya yi 'yan ƙananan wuƙaƙe biyu don kansa, zuciya mai kauri, baki a fere, tandu a shirye. Ɗaya ta tsira, ɗaya ta tsage a wutsiya, inda bai fere ba. Akwai maƙeran da ke aiki da 304 kullum suna cin nasara, amma ni tun daga nan na mai da shi ƙarƙashin tebur.

Wuƙar ba ta fito yadda aka yi oda ba ɗari bisa ɗari. Wajen tsini zuciya ta ɗan kauce zuwa hagu, saboda gudumar yaron ta fi sauka a fuska ɗaya, har farin layin nikel ya zo dab da kaifi. Nikel ba ya taurara, in ya hau baki wurin ba zai yanka komai ba. Dole muka rage tsinin, ruwanta ya koma santimita 20. Na gaya wa mai ita dalili kafin ya tambaya, ya ce ba komai.

Bayan 'yan makonni sai ga shi da ita a naɗe cikin tsumma. Jikinta fari tas. Amma bakin, inda zuciya ke waje, ya yi shuɗi-shuɗi da toka, a gadon baya kuma, inda 1084 ya fito kamar zare tsakanin riguna biyu, akwai ɗige-ɗigen ja.

"Malam, ba cewa aka yi ba ta tsatsa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rigar ce ba ta yi. Wurin da ke yanka maka kuwa irin ƙarfen tsofaffin wuƙaƙenka ne, da shi ka ce kana so."

Na nuna masa cewa shuɗin bakin ba tsatsa ba ne, wata fata ce da ƙarfen ke yi in yana haɗuwa da ruwan abin da ake yankawa, har tana ɗan kare shi, kada ya kankare. Jan na baya shi ne tsatsa, daga barin ta a jiƙe. Ya tambaya ko ba a yin wadda duk jikinta sitenles ne, har da zuciyar. Ana yi. A sa irin AEB-L a tsakiya, mai kabon wajen kashi 0.67 da kuromiyam 13, ko a sayi na kamfanin Damasteel na Suwidin, waɗanda ke haɗa garin ƙarfe iri biyu a matse shi da zafi inda iska ba ta shiga. Sai dai taurara irin waɗannan yana bukatar zafi sama da digiri 1,050 a tandun lantarki mai riƙe lamba daidai, wuƙar a naɗe cikin fallen ƙarfe don kada iska ta taɓa ta, ba aikin tanderun gas da ido ba ne. Na ce masa in ita yake so zan haɗa shi da mai irin kayan.

Ya karɓi wuƙar daga hannun yaron, wanda ya riga ya goge jan da ɗan ƙyalle da mai. Ya gwada bakin a gashin hannunsa, gashin ya zube. Ya ce a'a, a bar masa wannan, sai dai a yi mata kube na katako, don a cikin na fata ya kwana da ita ranar da ta yi tabon.